Hannun da Sauro Suka Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mai Sauro yana ciyar da sauro da jininsa, kuma aikin da aka ɗauke shi ke nan. A ɗakin binciken jami'a da ke ƙarshen baranda akwai akwatuna shida na raga, cike da sauron da ake kiwo don gwaji. Kowace Litinin da Alhamis sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ta wata kafa mai kama da bakin safa, ya zuba wa agogo ido na minti goma sha biyar. Macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini, injin ɗumama jinin da aka sayo kuwa tun watansa na biyu ya mutu. Hannun Mai Sauro dai bai taɓa neman gyara ba.

Abu ɗaya yake so a duniya: ya ga sunansa a saman takardar bincike, cikin jerin marubuta. Takarda goma sha huɗu Farfesa, mai kula da ɗakin, ya fitar daga akwatunan nan, har direban sashen an taɓa yi wa godiya a ƙarshen wata, shi kuwa ko oho. Abin yana ci masa rai. Bana dai Farfesa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, wannan karon da kai."

Wani man shafawa Farfesa ya haɗa, wai mai korar sauro. Ɗalibai arba'in suka shafa, suka zura hannu ɗaya bayan ɗaya, ko cizo ɗaya babu. Don a kwatanta, dole a samu hannun da ba a shafa wa komai ba. To wa zai yarda? Kullum Mai Sauro ake kira, ga shi kusa, ba ya musu. Da ya zura, sai hannun ya yi baƙi ƙirin da sauro. Farfesa har ya ba da ɗinkin sabuwar kwat.

Wata Alhamis auduga ta faɗa cikin akwati na uku. Dakta, mataimakiyar Farfesa, tana cikin waya ta zura hannunta tsirara tana lalube, ta daɗe. Saurayen suka lafe a jikin raga kamar masu azumi. Mai Sauro yana kallo. Da ta fita, ya lafta man nan har gwiwar hannu, ya zura. Suka yi masa caa.

Ya zauna ya yi lissafi. Tun zuwansa an yi haihuwa kan haihuwa fiye da sau ɗari biyu a akwatunan nan, duk macen da ba ta son warinsa ba ta sha ba, ba ta haihu ba. Waɗanda suka rage, shi kaɗai suka sani a duniya.

"Maigida, ka ja bakinka ka yi shiru," in ji matarsa da ya ba ta labari a gida. "Sunanka ya fito tukuna, gaskiya ta biyo daga baya."

"Mutane fa za su shafa wa 'ya'yansu, su kwanta ba gidan sauro."

Washegari ya faɗa wa Farfesa. Farfesa ya cire tabarau, ya ƙura masa ido har Mai Sauro ya fara tunanin inda zai nemi wani aikin. Can sai ya buga tebur.

"Sauron da ya rikiɗe a gaban idonmu, ya koma bin mutum ɗaya! Malam, ka san abin da na gano kuwa?"

"Allah ya ƙara basira, ranka ya daɗe."

Aka tura man ƙarƙashin tebur, ba wanda ya sake tada zancensa. Aka yi wata takwas ana goge gumin Mai Sauro da auduga ana aunawa, aka hana shi canza sabulu, aka soke hutunsa don kada ilimi ya mutu da yunwa.

Ranar da takardar ta fito, ya bi jerin sunayen da yatsa. Farfesa, Dakta, shugaban sashe wanda bai taɓa leƙa ɗakin ba saboda tsoron zazzaɓi, sai ɗalibai uku. Ya sake bi daga farko.

"Kana shafi na uku," in ji Farfesa. "Doka ta hana a bayyana sunan wanda aka yi gwaji a kansa. Kare mutuncinka muka yi."

A gida matarsa ta tare shi tun daga ƙofa. Ya buɗe mata shafin, ƙarƙashin kayan aiki, tsakanin ma'aunin zafi da auduga, ya karanta mata: hannun hagu na wani namiji baligi.

Ta dubi takardar, ta dubi hannun da ta shekara goma sha ɗaya tana shafa wa maganin ƙaiƙayi. 

"Na dama ne ma," ta ce.