Filtar Motar Narelle

Mijina Clarrie yana da doka guda da ba a taka masa: babu motar da za ta fita daga gidan nan ta kama hanyar Wirralong sai ya yi mata juyen baƙin mai da hannunsa. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Hanyar burji ce, tafiyar rabin wuni, ba gida, ba rijiya, ba inuwar kirki, waya kuma ba ta kamawa. Bara war haka aka tsinci gawar wani baƙo a gindin motarsa, inji ya buga, ruwan shansa ya ƙare. Mai kawo mana wasiƙu ne ya gan shi, har yau ba ya son a tayar da zancen.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idon Clarrie ya daɗe da fara tafiya. Ni na sani, domin ni nake kallonsa yana zura yatsa a bakin kofi in zai zuba shayi. Komai ya koma yi da lalube, kuma ya ƙware, har in ba ka zauna da shi ba ba za ka gane ba. Ban taɓa tanka masa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya san ranar da maganar ta fito, ranar 'yarmu Narelle za ta kwashe mu ta kai mu birni, a sayar da shanun da gonar da ubansa ya bar masa.

To, Narelle ɗin ce ta zo mana hutu da jaririyarta Pippa, a wata ƙaramar mota mai ƙyalli irin ta 'yan birni. Tun da ta zo take bin ubanta da kallo. Ranar da za ta koma ta ce da sanyin safiya za ta kama hanya, saboda rediyo ya ce za a yi zafin da ba a yi irinsa ba a bana. Kafin ta fito daga wanka, tsohon nan ya riga ya tura motar cikin rumfa, ya ɗaga ta, ya tsiyaye man cikin daro. Ashe tun zuwansa gari na ƙarshe ya sayo mai da sabuwar filta ya ɓoye.

"Baba! Wa ya sa ka? Kwanan nan fa aka yi mata sabis."

"Wa ya yi?" Muryarsa daga ƙarƙashin mota take fitowa.

"A gareji mana."

"Shi ya sa. Je ki sha shayi, yanzu zan gama."

Shayi ya huce bai gama ba. Filtar ta ƙi kwancewa. Clarrie da hannu yake ɗaure tasa, da hannu yake kwancewa, kuma ya sha yi wa maƙwabta dariya a kan masu neman ƙarfe don ɗan gwangwani. Wannan kuwa ko motsi. Ya yi da tsumma, ya yi da safar roba, ya cire bel ɗin wandonsa ya naɗa ya ja har wandon ya nemi ba shi kunya. Ina tsaye da Pippa a kafaɗa ina jin nishinsa da zagin yaran gareji, wai da injin ɗaure taya suka murɗa ta.

Ya fito ya nufi bangon da yake rataye kayan aikinsa. Na ga yadda ya bi su da tafin hannu kamar mai share ƙura, na kuma ga Narelle ta gani. Ya ɗauko wani mai kama da murfin kwalba da ake kifa wa filta a ka, ya yi mata yawa, sai zamewa yake. Ya ɗauko mai sarƙa, babu wurin da hannu zai juya, domin motocin yanzu a cushe suke kamar jakar matafiyi. Daga nan zuciya ta ɗebe shi, ya kama ta da babbar filaya ya matsa. Muka ji ƙwas, sai ga mai yana bin hannun rigarsa.

Narelle ta durƙusa ta leƙa. "Shi ke nan, ka fasa ta. Da ka bar ta, da mai kawai za mu mayar in tafi."

Rana ta riga ta hau, kwanon rumfar ya fara ƙara irin wadda yake yi in ya ɗau zafi. Hankaki biyu suka sauka a kan tankin ruwa, bakunansu a buɗe, ko kuka sun kasa.

Na ce, "Narelle, ki kwana mana. Gobe da asuba sai ki tafi."

"Ina da aiki gobe, Mama. Na riga na ƙara kwana."

Da na ga ya ɗauko sukundireba da guduma zai huda filtar ya murɗa, sai na shige kicin na ɗauki oba-oba, rediyon da muke magana da maƙwabta. Na san abin da nake yi. Layi ɗaya duk yankin nan muke amfani da shi, in ka yi tari a ciki sai an yi maka sannu daga gidaje goma. Na kira maƙwabcinmu Wal, wanda suka yi makaranta tare da Clarrie, kuma tun lokacin suke tsokanar juna.

"Wal, Glenys ce. Kana da abin kwance filtar ƙaramar mota?"

Ya fashe da dariya. "Maimaita, Glenys, ban ji ba. Clarrie ne ke neman ƙarfe? Mai hannun zaki?"

Wata murya ta faɗo daga wata gonar. "Ku ce ya naɗa takardar yashi."

"A'a, ya huda ta kawai."

"Kar ya huda! Ni na huda tawa, gwangwanin ya yage ya bar min gindin."

Wal ya ce, "Ku yi wa mutane shiru. Ina da mai ƙafa uku, irin wanda in ka murɗa yake ƙara damƙewa. Ga ni nan. Glenys, a ɗora tukunya, yau ina da kallo."

Da na koma rumfa na tarar Clarrie ya ji komai ta oba-obar da ke cikin a-kori-kurarsa. Bai dube ni ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kafin ƙurar motar Wal ta bayyana, inuwa ta gama shigewa ƙarƙashin abubuwa. Pippa ta yi ja, tana ta ƙananan koke-koke, gashinta ya manne da goshi. Wal ya sauko da hularsa mai huji, yana kaɗa ƙarfen a sama kamar ya kamo kifi.

"Ina tsohon? Matsa in shiga, kar ka karya ƙugu a banza."

"Motar 'yata ce. Miƙo."

"To ranka ya daɗe. A dai riƙe shi da kyau, ba a saba ba."

Clarrie ya koma ƙarƙashi. Wal ya tsuguna ta dama, Narelle ta tsuguna ta hagu ta haska masa tocila, ni ma na sunkuya daga gaba. Ƙafafun ƙarfen suka damƙi gwangwanin, ya ja, ya sake ja, sai ta yi wata 'yar ƙara ta saki. Ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa cikin daron, baƙin mai ya haɗiye ta. Wal ya yi tafi.

"An yi haihuwa lafiya! To duba robar, ta fito da ita?"

Ko ni da ban taɓa riƙe sifana ba na san wannan magana, don na ji ta a bakin Clarrie ya fi a ƙirga. Kowace filta tana da zoben baƙar roba a baki. Wani lokaci, musamman in an ɗaure ta da mugunta, tsohuwar robar takan manne a jikin inji. In ka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe juna. A gida za ta yi lafiya lau. Sai an yi nisa, inji ya yi zafi, sannan ta fashe ta zubar da man gaba ɗaya.

Na sha ganin Clarrie yana wannan aiki shi kaɗai a 'yan shekarun nan, kuma kullum yatsa yake sawa ya zagaye wurin, sau biyu ma. Ran nan na ga hannunsa ya tashi zai yi hakan. Sai ya ji numfashin Narelle a gefensa. Hannun ya tsaya, ya juya ya karɓi tocilar daga wurinta, ya haska, ya ƙura wa wurin ido kamar kowane mai gani.

"Fes," ya ce.

"Ka tabbata? In leƙa?" in ji Wal.

"Ni za ka koya wa juye? Lokacin da na fara kana fitsarin kwance."

Suka yi dariya, har da Narelle. Ni ban yi ba. Maganar ta zo min har baki, amma in na ce ya shafa da yatsa, na tona shi a gaban 'yarsa da abokinsa. Na ce a raina ai ya haska, wataƙila ya gani ɗin.

Ya shafa mai a bakin sabuwar filtar, ya ɗaura da hannu, ya zuba mai, aka tayar. Inji ya yi ta kaɗawa sumul, ko ɗigo babu a ƙasa. Clarrie ya miƙe yana goge hannu, fuskarsa ta saki, rabon da in gan shi haka an daɗe. Narelle ta rungume shi da man da komai.

"Yi haƙuri, Baba. Na yi zaton ka tsufa."

"Uwarki ce ta tsufa."

Na cika jarka da ruwa na kai bakin mota. Narelle ta ce babu wuri, ga keken jaririya, ga akwatin naman da ubanta ya cusa mata, kuma ai akwai sanyi a motar, ga gora biyu a gaba. Na nace, ta sumbace ni ta ce na cika tsoro. Rana na tsakiyar ka ta fita. Wal ya shanye shayinsa, ya ɗauki ƙarfensa, ya bi tasa hanyar ta gabas.

Gida ya yi tsit. Muka ci abinci, Clarrie yana ta ba ni labarin yadda ya kwance filtar kamar ba a gabana aka yi ba. Ya kishingiɗa a baranda, ni kuwa zaman ya gagare ni. Na wanke kwanuka, na share inda na riga na share. Can dai na tafi rumfa, na ce bari in juye tsohon man a duro kafin kare ya faɗa ciki.

Man ya tsiyaye, filtar ta bayyana a gindin daron, a lotse. Na ɗauko ta na goge bakinta da tsumma. Ƙarfe ne zalla, da ɗan kwarmin da roba take zama, babu komai a ciki. Na zura hannu na lalube daron. Na duba ƙasa, na duba cikin tsummokaran. Babu robar ko'ina, ke nan tana can manne a jikin injin.

Na kai masa baranda na sa masa a hannu. Ya ɗora babban yatsa ya zagaye bakin. Ya sake zagayewa.

"Tun yaushe Narelle ta tafi?"

"Ta yi nisa, Clarrie."

Ya tashi har kujera ta kife. Na ɗauki jarkar nan da ke zaune inda Narelle ta bar ta, na ƙara wata, na jefa a bayan a-kori-kura. Na buga wayarta duk da na san ba za ta shiga ba. Motar 'yan birni kuma ba ta da oba-oba.

Ya riga ni zuwa ƙofar direba, kamar kullum. Ya buɗe, ya tsaya riƙe da makulli. A cikin gona yana tuƙi da sanin hanya, a hankali, ni kuma ina yi kamar ban lura ba. Amma yau gudu ake bukata. Ya miƙo min makullin ta saman bonet, ya zagaya ya zauna a inda na saba zama tun aurenmu.

Muna fita ƙofar shinge ya ce, "Duba ƙasa. Me kike gani?"

"Sawun tayarta."

"A tsakani fa?"

Na rage gudu na leƙa. A kan jar ƙasar akwai ɗigo baƙi, ƙarami kamar kashin awaki, can gaba kuma wani.

"Akwai, Clarrie."

Ya lalubo oba-oba ya danna. Na san duk gidajen yankin suna ji, matan a kicin, mazan a motocinsu.

"Clarrie ne. Duk wanda ke kusa da hanyar Wirralong ya ɗau ruwa ya fita. Narelle ce da jaririya, farar ƙaramar mota. Roba biyu na ɗora mata."

Muryar Wal ta shigo, babu wasa a cikinta. "Kai da ka ce ka duba?"

Clarrie ya sake danna oba-obar.

"Ban gani ba, Wal. Ba na gani. Na daɗe ba na gani."

Sai muka ji a layin wani ya ce ya fito, wata ta ce ɗanta ya tayar da mota. Na taka totur har sitiyari yana karkarwa a hannuna, zafi yana rawa a kan hanya, babu komai a gaba sai fili.

"Ki riƙa faɗa min," ya ce. "Kar ki ɓoye min komai. Har yanzu ɗigo ne?"

Na duba. Na so in yi masa ƙarya, irin wadda muka daɗe muna yi wa juna.

"A'a," na ce. "Ya zama layi."