Ɗinkin Amarya a Jikin Tamfol

Shekara talatin Mato yana ɗinka tamfol ɗin manyan motoci a bakin tashar Ƙonni, da baƙin kekensa mai ƙara kamar injin niƙa. Sai ga Shamsuddin, telan mata, ya sayo farin keke na lantarki, wai ɗinki iri arba'in yake yi. Ya kafa rumfa daura da Mato, har ya janye masa wani direban motar albasa.

Mato ya leƙa sau ɗaya ana cikin ɗinka tamfol ɗin direban. Allura siririya, ɗinki ƙanana a matse, sai ka ce wuyan rigar amarya. Ya yi tsaki ya koma bencinsa. Wanda bai san yawan huji yanka tamfol yake yi ba, ina amfanin yi masa magana?

Motar ba ta wuce Tsarnawa ba, nan kusa da Ƙonni, iska ta tsaga tamfol ɗin bisa layin ɗinkin, tsaf, kamar an yage tikiti. Direban ya dawo yana kumfar baki, Shamsuddin kuwa yana ta rantsuwa ko zare ɗaya bai tsinke ba.

"Gaskiya yaron ya faɗi," in ji Mato. "Direba, sai ka rufe albasarka da zaren."