Bokitin Ruwa a Kan Bututu

Ni dai ban iya jira ba. Shayi ma da zafinsa nake kurɓa, in ƙone, gobe in sake.

Shekara ashirin da shida ina walda a Yelwa: ƙofofi, kura, ƙafar injin jirgin ruwa. In na gama sai in watsa wa ƙarfe ruwa ya huce, mai kaya ya ɗauka. Hannuna ya saba, ba ya shawara da ni.

Da kaka Alhaji Basiru mai injin shinkafa ya aiko mini. Bututu ɗaya ya tsage a tukunyar tururin da ke dafa gumi. Buhu arba'in na shinkafa na jiƙe, na Ruƙayyatu ne, wata bazawara daga Shanga, noman shekararta kaf. In tururi bai taso kafin gobe ba, shinkafar ta yi tsami.

"Mai walda, ka gani dai," in ji ta. "Ba ni da wata."

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Ƙarfe na jin maganata."

Malam Bilyaminu, tsohon da ke kula da tukunyar, ya ce in na ɗinke in rufe wurin da toka ya huce a hankali. Na ce to. Na ɗinke tsaf, na ja baya ina kallon aikina, sai kawai na ji cuuu. Bokiti a hannuna, babu ruwa a ciki.

Malam Bilyaminu ya ce mini, "Abdullahi, mi ka yi haka? Ka ƙona shi, ka firgita shi. Yanzu gefen ɗinkin ya koma tangaran."

Aka hura wuta. Ɗinkin bai motsa ba, gefensa ya tsage. Na sake, tsagar ta matsa gaba. Sau huɗu muna yi, ina bin ta tana gudu, har la'asar ta rana ta biyu.

Warin tsamin shinkafar ne ya sallame mu. Ruƙayyatu ta damƙi shinkafar ta shinshina, ta goge hannu a zane. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Cewa ta yi, "Sannu da aiki."

Wata guda ban kunna injin walda ba. Na ce wa matata Yasira ni na kashe baiwar Allahn nan, ta ce to in ci abinci tukuna.

Daga baya aka ciro bututun aka yanka. Tsatsa ta cinye shi ta ciki, daga wannan baki zuwa wancan. Kaurinsa bai kai na gwangwanin madara ba.