Diyyar Yatsun Arzika

A shekarun da Sakkwato ta samu jiharta, kuɗin mai suka fara zubowa, sai gwamnati ta tuna da hanyar Tambuwal zuwa Kebbe. Aka ɗebi leburori su zuba mata jar tsakuwa. Cikinsu har da Arzika, mutumin Kebbe, wanda ya ajiye hauya ya karɓi shebur. Direban tifar da ke kawo musu tsakuwa taubashinsa ne, Bube, ɗan goggonsa Fadima. Ba a sauke kaya sai sun yi wa juna tsiya.

Wata ranar da hantsi, dutse ya maƙale a bakin ƙofar bayan tifa. Arzika ya sa hannu zai cire, Bube bai gan shi ba, ya sauke bodi. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, yatsu uku na hannun dama suka tafi.

Yana kwance gefen hanya, Bube ya durƙusa a kansa yana kuka har da majina. Arzika ya dubi leburorin da suka kewaye shi ya ce, "Ku shaida, na yafe mashi, duniya da lahira." Daga nan ya suma.

Da aka sallame shi daga asibiti ya dawo Kebbe, sai zama a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Kwanaki suka riƙa shiga cikin juna kamar ruwan fadama. Wani lokaci yakan ji yatsun nan suna nan daram, har suna yi masa ƙaiƙayi. Idan gyangyaɗi ya ɗauke shi, sai ya gan su can bakin hanya sun tsiro kamar shukar gero, iska tana kaɗa su. Ya farka ya dubi hannun, ya mai da shi cikin riga. Aiki dai ya ƙare, don babu mai riƙe shebur da yatsu biyu. Bube kuwa kunya ta hana shi ko biyowa ta unguwar.

Ran nan sai ga baƙo a kan babur, Malam Lauwali, ma'aikacin ofishin ƙwadago daga Sakkwato. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa. Hausarsa irin ta rediyo ce.

"Doka ta ce duk ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aikin gwamnati a biya shi diyya. Ka gaya mini yadda abin ya faru in rubuta, sannan likita ya duba hannun."

"Diyya kac ce?"

"Diyya."

"To ai ta faɗi, Malam. Na yafe."

Arzika bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya zauna a zauren malamai ya saurara. Abin da ya riƙe shi ne, diyya wanda ya ji wa mutum raunin ke biya, shi da danginsa. Dangin Bube kuwa su waye? Goggo Fadima ce da 'yan awakinta. Kuma mutum ya yafe a gaban shaidu, ya dawo ya miƙa hannu, ai ya lashe amansa ke nan.

"Ba direban ne zai biya ba," in ji Lauwali. "Gwamnati ce."

"Gwamnati tas sauke bodi? Wanda bai yi ɓarna ba, mi za shi biya? Yau ku ba ni, gobe ku bi ta kan Bube."

Daga bayan zana matarsa Atu ta yi gyaran murya. "Maigida, shebur dai ba shi riƙuwa, hauya ba ta riƙuwa, damina kau ga ta tafe."

"Na ji, Atu."

"Ka ji, ko ta wuce?"

Lauwali ya duƙar da kai kamar bai ji ba. Ya ce zai je masallaci, zai jira zuwa la'asar. In har lokacin maganar ba ta sake ba, dole ya rubuta cewa mai rauni ya ƙi, a rufe zancen.

Rana ta take. Arzika ya jingina da bishiya, idonsa ya yi nauyi. Ya ga hanyar nan ta miƙe ja wur, ta bar ƙasa ta hau sama, tifofi suna bi a hankali ba ƙara, kowace cike da gero. Ya ɗaga hannu zai tsai da ɗaya, sai ta tsaya. Ya buɗe ido, ashe tifar gaske ce a ƙofar gidansa, ga Bube yana saukowa. Atu ce ta leƙa maƙwabta ta sa aka kira shi daga wurin aiki.

Bube ya tsaya nesa kaɗan, ya kasa haɗa ido da shi. Can dai taubasantaka ta rinjayi kunya.

"Ashe bodin nan har da ƙwaƙwalwa yat taɓa?"

"Makaho, ka ga hanyar gidana yau?"

Bube ya matso ya tsuguna. "Tsaya in tambaye ka. Motar ga, tawa ta?"

"Kai da ko keke ba ka da?"

"Hanya fa, ta wa ta? Tsakuwa ta wa ta? Kai kanka, ran nan, aikin wa kaka yi?"

"Na gwamnati."

"To. Ni kay yafe ma, na karɓa, kuma ba ni maishe ta ko za ka mutu. Na tambayi Malam Lauwali bakin masallaci, ya rantse man babu mai taɓa ni. Ita gwamnati, yaushe kag gan ta har kay yafe mata?"

Arzika ya yi ƙoƙarin kawo fuskarta a ransa. Sai ya ga wata ƙatuwar mata zaune can nesa, bayan Sakkwato, bayan Kaduna, a inda ƙasa ke tsattsafo da mai, ta ba shi baya. Ya kewaya ta dama, ya kewaya ta hagu, bai ga idonta ba. Ya sake tuno ranar, ya bi fuskokin da suka kewaye shi a gefen hanya ɗaya bayan ɗaya. Lallai ba ta cikinsu.

Da aka idar da la'asar Lauwali ya dawo ya zauna, ya ciro biro.

"Malam, rubuta," in ji Arzika. "Amma ka fara da cewa Bube na yafe mashi."

"Babu gurbin wannan a takardar."

"Nemo mashi."

Lauwali ya dube shi, ya juya takardar ya rubuta a gefe, ya karanta masa. Sannan Arzika ya fiddo hannun daga cikin riga, ya ɗora a gwiwa, ya ba da labari tun daga dutsen har zuwa sumar, a hankali, ba ragi ba ƙari. Lauwali ya ce saura likita, a Sakkwato.

"Ni ka kai shi," in ji Bube.

"Kai? Da sauran yatsun nawa?" Arzika ya girgiza kai. "Atu, aro man jaki."

Dariyarta ta fito daga bayan zana.