Gashin Sambu

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da falsafa a wata kwaleji a birnin Madras na ƙasar Indiya, ina nuna wa 'ya'yan mutane yadda ake gane hujja marar tushe. Da tawa ranar ta zo, bayan gashin ƙanena na ɓuya.

Sunansa Sambandam, muna ce masa Sambu. Mai gyaran agogo ne, kuma duk unguwarmu babu mai bakinsa. Ni "Shehin Malami" yake kirana, da wata murya da ke mayar da kirarin zagi. Bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da shi, sai fushi ya riƙa zuwar masa kamar farfaɗiya. Ana cikin raha sai idonsa ya juye. Ya farfasa agogunan mutane, ya ɓalle ƙofa sau biyu, daga ƙarshe ya jefi Innarmu da taɓarya ya karya mata hannu. In abin ya sake shi ya zauna ya yi ta kuka, sannan ya koma tsokanata.

An gwada ƙwayoyi, an gwada jona masa lantarki a ka. Inna ma ta yi nata. Ta yi bakance cewa aska ba za ta taɓa kan Sambu ba sai ya warke, a kai shi haikalin da ke kan dutsen Palani, a aske gashin a miƙa wa abin bautarmu. Shekara uku ke nan, gashin ya sauko har kafaɗa.

Bayan karayar hannun aka kwantar da shi a asibiti, Likita Ponnambalam ya kira ni da Inna ofishinsa.

"Aikin ba wuya, Malam Natesan," in ji shi. "Huda biyu ce a ƙoƙon kai. Mu zura allura, mu ƙona wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake ba. A nan fushin yake zaune."

"Shi kaɗai yake zaune a wurin? Ba shi da maƙwabta?"

Bai yi dariya ba. "Yawancinsu suna samun natsuwa," ya ce, ya turo mini takarda. Mahaifinmu ya rasu, sa hannun nawa ne.

Ba na son in sa hannu. Ba na kuma son in ce a'a, don in na ce a'a gida zan koma da shi, kuma na gaji da ɓoye wuƙaƙe kowace safiya. Ina cikin jujjuya alƙalami sai Inna ta ce, "Likita, aske shi za ku yi?"

"Dole, Mama. Ƙwal."

"To wannan gashin ba nasa ba ne, ba nawa ba ne. Yana da mai shi."

Na ajiye alƙalamin da sauri. "Ka ji, Likita. Sha'anin addini ne, ba na shiga."

Mako uku na yi ina cin wannan hujja. Duk wanda ya tambaye ni, sai in girgiza kai in ce tsohuwa ce ta kafe.

Ranar wata Lahadi na kai wa Sambu wainar shinkafa da kofi. Tun daga bakin ƙofa ya hango ni.

"Shehin Malami! An ce ka tuba. Ba kai ne ka ce Palani dutse ne kawai mai wahalar hawa ba?"

"Ci abincinka."

"Yanzu kai ne mai gadin gashin abin bautar? Nawa ake ba ka a wata?" Ya yi dariya har ya ƙware. Sai ya rage murya. "Ka riƙe hujjar nan da kyau, Yaya. Ka ga na gado na shida can? Lauya ne. An yi masa aikin tun kafin in zo. In ka ce masa zauna, sai ya zauna har sai an tuna da shi."

Na duba. Mutumin yana zaune.

Wanda ya rushe ni ba likita ba ne. Kuppan ne, tsohon wanzamin asibitin, da ya ji Inna tana ba wata nas labari.

"Wannan ce matsalar? Haba Mama, ai kullum muna yi. Ki kawo sabon ƙyalle rawaya. In aske a kansa, ko sili ɗaya ba zai taɓa ƙasa ba. Ki ƙulle ki ajiye. In ya warke ku hau da shi. Na kan dutsen ba ya tambayar wa ya riƙe askar."

Fuskar Inna ta washe. Ta juyo ta dube ni, hannunta rataye a wuya. Na nemi kuskure a maganar Kuppan, aikina ke nan, ban samu ba. Da yamma na sa hannu. Rubutuna ya yi kyau ƙwarai.

Ina tsaye aka aske shi. Bai yi faɗa ba, abin da ya ba masu riƙe shi su huɗu kunya. Gashin yana zuba a kan ƙyallen, shi kuma yana kallona.

"Ashe hujjar taka ba ta da tushe," ya ce.

Aiki ya yi kyau, haka aka rubuta. Sambu ya dawo gida. Ba ya fasa komai. Ba ya gyara komai kuma. In aka ba shi agogo sai ya riƙe, ya yi ta kallo cikin ladabi. Na daina ɓoye wuƙaƙe, na yi ƙiba. Maƙwabta suka zo barka.

Bayan wata huɗu Inna ta ce ya warke, lokacin cika bakance ya yi. Gwiwoyinta ba za su iya hawan ba, don haka ni da Sambu muka shiga jirgin ƙasa, ƙunshin gashin a cinyata. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Matakalar Palani ta kusa ɗari bakwai. A tsakiya numfashina ya ƙare, na zube a gefe ina haki, mutane masu sabon aski suna wuce mu. Da a shekarun baya ne, da Sambu ya samu abin yi mini dariya na wata guda. Na jira. Yana tsaye, tabo biyu suna leƙowa ta cikin sabon gashinsa.

"Ka ga Shehin Malami ya faɗi," na ce masa.

"Sannu, Yaya."

"Ni na sa hannu, ka sani ko? Ba Inna ba ce, ba wanzami ba ne. Ni ne."

"To, Yaya."

"Ka ce in riƙe, na saki. Ba za ka ce komai ba?"

Ya yi ɗan tunani, kamar mai son ya taimaka mini. "Me kake so in ce?"

Na tashi na kaɗe rigata. A sama wani ma'aikacin haikali ya karɓi ƙunshin, ya tambaye ni ko buƙata ta biya. Na ce masa ta biya. Ya jefa shi kan tarin gashin sauran jama'a.

Da na juyo ban ga Sambu ba. Sai na tuna na ce masa ya zauna a bakin ƙofar haikalin. Yana nan zaune.