Wule a Turken Ɗanasabe

A shekarar da fari ya karkashe dabbobin ƙasar Gazawa, har ungulu ta ƙoshi ta fara zaɓe, akwai saniya guda da ta yi ƙiba, kuma bashi ne ya sa ta ƙibar. Sunanta Wule, saboda farin da ke goshinta. Tana ɗaure a turke cikin gidan Ɗanasabe mai hatsi, amma ba tasa ba ce. Ba kuma ta Jaye da ya ɗaure ta can ba ce, abin da ke damun Jaye ke nan.

Jaye Bafillace ne, yana bin shanu tun bai kai tsawon sandarsa ba. Ciwo ya fara masa ta ƙafa. Wata safiya takalmi ya ƙi shiga, daga nan fuska ta riƙa kwana da kumburi, fitsari ya ragu, tafiyar da yake yi kamar wasa ta koma sai da hutu. An sha saiwa, an sha rubutu, har matarsa Inno ta gaji da kallo ta matsa aka kai shi asibiti a Maraɗi. Likita ya ce ƙodojinsa sun gaji, ba za su koma sababbi ba, sai dai a lallaɓa su: ban da gishiri, ban da kanwa, ga ƙwayoyi da za a riƙa saye duk wata. Jaye ya yi dariya har da tari, ya ce shekara da shekaru yana kai wa shanu kanwa, yau shi aka hana lasa.

Kwanciyar asibiti da allurai da kuɗin mota suka cinye 'yan shanun da fari ya rage masa, ga shi lokacin saniya ba ta fi kuɗin akuya ba. Da suka ƙare, Ɗanasabe ya ci gaba da biya. Shi ne mai masaukin Jaye a gari, a gonarsa ne shanun Jaye ke kwana kowane rani suna zuba taki. Mutum ne mai bayarwa da hannu yana ƙorafi da baki. Ya ce lalle sai an kawo masa jingina, don kada mutanen gari su ɗauka ya buɗe asibiti.

Wule kaɗai ta saura a bakin bukkar Jaye, ita kuwa habbanaye ce. Al'adar Fulani ce: mai shanu ya ɗaura wa abokinsa karsana, ta haihu sau uku a hannunsa, 'ya'yan na mai riƙo ne, sannan uwar ta koma ga mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yankawa, ba a jinginarwa. Idrisa, abokin Jaye tun ƙuruciya, shi ya ɗaura masa ita. 'Ya'yanta biyu sun riga sun tafi a hidimar ciwo, tana da cikin na uku, Idrisa kuwa ya kora garkensa kudu neman ciyawa.

Jaye ya ce, "Maigida, nagge wagga ba tawa ba ce. Ran da Idrisa ya zo, da wane baki zan ce mishi tana hannun Kaɗo?"

Ɗanasabe ya ce, "Kaɗon da ya saya maka magani? Ni ba cinye ta zan yi ba. In ɗaure ta nan, ran da ka biya ka kwance abarka."

Haka Jaye ya ja ta zuwa gari, kunya na cinsa kamar ya nutse.

Sai dai Ɗanasabe ya san mudu, bai san saniya ba. Ya zaci jingina kamar gona ce, ka riƙe ka yi barcinka. Wule ta ƙi cin komai daga hannunsa, ta yini tana kuka, ta kuma harbe masa bokiti. Dole ya aika aka ɗauko Jaye a kan jaki. Jaye ya dafa wuyanta ya yi mata 'yan maganganu da Fillanci, ta sa baki a harawa kamar ba ita ba. Ɗanasabe ya riƙe ƙugu ya ce to, tunda jinginar ba ta jin Hausa, sai mai ita ya tare. Aka kafa musu bukka a bayan gida, shi da Inno.

Zaman ya yi wa Jaye daɗi fiye da yadda yake so ya faɗa. Da hantsi yakan zauna ƙarƙashin itacen bedi, ƙafafu a kan turmi kamar yadda likita ya ce, yana tufka igiyar kaba, Ɗanasabe na kai wa kasuwar Cadawa yana ragewa daga bashin. Igiya kam ba ta kamo ƙwayoyin wata-wata, bashin gaba yake yi ba baya ba. Jaye ya sani, amma yakan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, nasa dai ya fi na mutane tsawo. Inno na surfe a cikin gida, tana yi masa miyarsa daban, lami, ita ma ta bar gishiri don kada ya ci shi kaɗai. Akwai ranakun da yake tashi da tashin zuciya, jiki na ƙaiƙayi, ko ruwa ba ya so. Akwai kuma ranakun da kumburi ke sauka, ya taka har turke ya cire wa Wule kaska, ya ji shi mutum ne.

Ɗanasabe kuwa kullum da mita. "Ni dai ban taɓa ganin bashin da ke cin dusa ba, sai wanga!" In ya gama faɗa sai ya tafi ya sayo mata 'ya'yan gawo. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Da bazara ta yi tsanani, mutane suka fara tuƙa dusa suna ci da kansu. Rumbun Ɗanasabe ma ya fara nuna gindi. Ran nan Ɗanasabe ya shigo da Dogo mahauci, bai ko kalli gindin bedi ba. Dogo ya zagaya Wule, ya mammatsa mata cinya, ya ce rabonsa da ganin kitse tun bara.

Jaye ya gane abin da ya kawo mahauci. Ya san Ɗanasabe na da iyali, ya san ba zalunci ba ne, yunwa ce. Ya ajiye igiya ya dogara sanda ya zo.

Ya ce, "Dogo, ka yi kuskuren dabba. Mai bashi ni ne. Duba ƙahwahuna, na hi ta ƙiba."

Dogo ya tuntsire da dariya ya ce, "Baffa, taka ƙibar ruwa ce, wa zai saya?"

Ɗanasabe bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafafun, ya dubi cikin Wule da ya sauko. Sai ya juya kan Dogo da faɗa, wai farashin da ya taya zagi ne, alhali bawan Allah bai taya komai ba tukuna. Ya kore shi har ƙofar gida. Tun daga ranar tuwon gidan ya ƙara ƙanƙanta, ba wanda ya sake ta da zancen.

Wule ta haihu gab da damina, 'yar maraƙa ja mai farin goshi irin na uwar. Haihuwa ta uku ke nan, wa'adin habbanaye ya cika. Inno ta yi guɗa, shi kuwa Jaye farin cikinsa da tsoro a ciki, don yanzu ko yaushe mai saniya zai iya sallama.

Bayan ruwan farko ya yi sallamar. Idrisa ya shigo da sanda a kafaɗa, ba ko ɗan maraƙi a bayansa. Garken nan da ba a ganin ƙarshensa ya ƙare a hanya, wanda yunwa ta bari cutar kudu ta ɗauke. Suka daɗe suna gaisawa kamar yadda Fulani ke yi, kowa na cewa lafiya lau, kowa na ganin ƙaryar ɗan'uwansa. Sannan Jaye ya sunkuyar da kai ya faɗa masa inda saniyarsa take, da dalili.

Idrisa ya wuce turke. Wule ta ɗaga kai ta shinshina rigarsa. Dattijon ya rungume wuyanta ya yi kuka a fili, abin da Bafillace ba ya yi gaban mutane. Kakarta ta kakansa ce, kuma duk zuriyar ita kaɗai ta rage.

Idrisa ya ce, "Da ka riƙe al'ada, Jaye, da yanzu ƙashinta na daji tare da sauran."

Jaye ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya juya ga Ɗanasabe ya ce, "Maigida, maraƙar tawa ce, al'ada ta ba ni. Karɓe ta a bakin bashi, ka sakar wa Idrisa uwar. Abin da ya saura, igiya ta biya."

Ɗanasabe ya karɓa ba musu, har da duba haƙoranta, kamar ya san abin da ake dubawa. Maraƙa dai ba ta rabuwa da nono, don haka Idrisa ma sai ya kafa bukka har a yaye ta. Ɗanasabe ya ce shi ke nan, gidansa ya zama ruga.

Jaye ya koma gindin bedi ba shi da ko kofato a duniya, amma zuciyarsa fes. Bai gama ɗora ƙafa kan turmi ba sai ga Ɗanasabe yana jan maraƙar, tana turjewa. Ya ɗauki igiya cikin waɗanda Jaye ya tufka, ya ɗaure ta a jikin turmin, ɗauri irin na bakin buhu.

"Yaya ma kuke ce ma abin nan naku? Habba me?"

Idrisa ya ce, "Habbanaye."

"To shi. Na ɗaura maka. Ni ba ni iya wata shekara ina hira da dabba marar jin Hausa."

Jaye ya dubi maraƙar, ya dubi ƙafafunsa. A hankali ya ce, "Maigida, kahin wagga ta girma ta haihu sau ukku, shekaru ne da yawa. Ka ji abin da likita ya ce."

Ɗanasabe ya ce, "Likita ba shi ya ɗaura maka ba, ni na ɗaura. Kuma ba ni karɓa sai ta cika ukku, ko ɗaya ba ni ragewa. Sai ka san yadda za ka yi ka zauna."

Ya juya da sauri ya nufi zaure, yana faɗan tsadar dusa. Jaye ya kwance ɗaurin buhun, ya sake ɗaure maraƙar yadda ake ɗaure saniya.