Kujerar Bayan Ginshiƙi

Sati uku ke nan da Malama ta ce za ta je wurin Auta ta ɗan kwana biyu, kuma har yau Injiniya bai tambaye ta ranar dawowa ba. Ba mantawa ya yi ba, tsoron amsar yake ji. Mai zuwa kwana biyu ba ta naɗe keken ɗinkinta a bargo, ba ta kuma raba wa maƙwabta tukwanen furanninta.

Injiniya dai mai gyaran firji ne. Malama ce ta laƙaba masa sunan tun yana zuwa zance wurinta, sunan ya bi shi. Ita kuwa malamar gaske ce, shekara talatin tana fama da 'yan aji uku kafin ta yi ritaya. Tun da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta koma wani gari da mijinta, babu mai magana a gidan sai talabijin. Da ma can Injiniya ba gwanin baki ba ne. In ya dawo daga shago ta ce yaya aiki, ya ce da godiya, shi ke nan an tashi taro sai gobe. Yara ne suke cike sauran wurin, yanzu kuma babu yaran.

Wata rana ya je duba firjin wani kanti, sai ya ga takarda a bango: Kyaftin da Mai Hawaye za su yi wasa a kan dandali, ido da ido. Kyaftin ɗan fim ne da ya taɓa fitowa a matuƙin jirgin ruwa, daga nan ba wanda ya ƙara tuna sunansa na yanka. Mai Hawaye kuwa ba ta taɓa kai ƙarshen fim da busasshen ido ba. Malama ta san fina-finansu kamar yadda ta san sunayen 'yan ajinta. Wasan ya faɗo ranar Alhamis, ita kuma Juma'a da safe za ta hau mota. Injiniya ya sayi tikiti biyu a bene, lamba sha huɗu da sha biyar. Lissafinsa shi ne, in suka zauna kafaɗa da kafaɗa na awa biyu cikin duhu, wataƙila tambayar ta fito da kanta.

Matar da ke nuna wa mutane kujeru ta haska tikitin da tocila.

"Baba, ai ba tare kuke ba. Ɗaya, uku, biyar, hagu suke yi. Biyu, huɗu, shida, dama. Mama tana can ƙarshen, kai kana nan ƙarshen."

"Shekara talatin ina koya wa yara cewa sha biyar ce ke bin sha huɗu," in ji Malama.

"A nan ba ta bin ta, Mama."

Injiniya ya nemi wanda zai yi musaya da shi. Duk wanda ya leƙa kujerarsa sai ya ba shi haƙuri, har da wani da ya yi masa jaje. Malama ta gyara zaman jakarta a kafaɗa ta wuce dama.

Da ya zauna ya gane dalilin jajen. Wani ginshiƙi ne a gabansa, kaurinsa ya kai na firji mai ƙofa biyu, ya tare dandalin kaf. In ya karkata dama, sai kan wani ƙaton mutum. In ya karkata hagu, yana ganin gefen wani tebur da aka ajiye a dandalin, can bayansa kuma, ta tsakanin labule da bango, yana hango lungun da 'yan wasa suke jira kafin su fito. Sai ya karkata hagu, tun da wuyansa nan ya fi sauƙi.

Nan ya ga Kyaftin. Mutumin da yake dira daga saman bene a fim, ga shi zaune a kujerar roba, ya naɗe gwiwoyinsa da bandeji, yana ta fama ya kasa saka maɓallin rigarsa. Mai Hawaye ce ta saka masa, da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da ayaba. Ta cinye ayabarta tsaf, ta miƙa wa wani ɓawon, ta yi taku uku ta ɓace a bayan ginshiƙi. Sai ga wani irin kuka ya tashi, wanda ya sa gidan ya yi tsit. Injiniya ya jinjina kai. Akwai kuma wata fanka a lungun, daga ƙararta ya gane tana neman a ɗiga mata mai.

Labarin wasan da kunne ya bi shi: miji da mata ne suke rigima a kan sayar da gida. Can sai aka ji tas, ƙarar mari, mutane suka ce "Kai!" baki ɗaya. Jim kaɗan su biyun suka shigo lungu. Mai Hawaye ta ɗauko gorar ruwan sanyi ta danna wa Kyaftin a kunci, shi kuma ya ɗaga mata yatsu biyu, alamar karo na biyu ke nan da ta mare shi da gaske. Dariya ta ƙwace wa Injiniya, shi kaɗai a cikin mutum ɗari huɗu. Ƙaton da ke kusa da shi ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

Dab da ƙarshe aka bar Kyaftin shi kaɗai, ya tsaya jikin teburin nan, inda Injiniya yake ganin rabinsa. Ya fara magana, ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Aka fara jin shessheƙar mata daga ƙasa. A lungu kuwa Mai Hawaye tana ta motsa baki tana yarfa hannu, abin bai yi ba. Ta yagi murfin kwali, ta yi rubutu da jan-baki, ta ɗaga. Kyaftin ba tabarau. Ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, ya dafe tebur, har wata a layin gaba ta ce wayyo. Da ƙyar ya karanto abin. Gidan ya miƙe tsaye da tafi. Injiniya ma ya tafa, amma Mai Hawaye yake tafa wa.

A gindin matakala ya tarar da Malama, idonta jajir. Sun kusa tashar bas kafin ta yi magana, kuma ba shi take kallo ba.

"Shirun nan da ya yi. Mutum yana da magana cike da ciki amma ta ƙi fita. Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba."

Amsar da ta dace ita ce haka ne, kuma ita ya saba bayarwa. Ya buɗe baki zai ba da ita.

"Mantawa ya yi," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Mantawa ya yi. A kwali aka rubuta masa."

"Injiniya, ka ji tsoron Allah. Kai da ko dandalin ba ka gani ba?"

"Da jan-baki."

Ta ja ta tsaya. Ta ce baƙin ciki yake yi wa mutumin. Ya ce mutumin da gwiwarsa take naɗe, me zai yi masa baƙin ciki a kai? Ta ce wace gwiwa? Sai ya ba ta labarin bandeji, da maɓalli, da ayaba. Ta ce ƙarya ne, ba mai cin ayaba ya yi kukan nan. Ya ce guda ce dai, amma babba. Bas ɗinsu ta zo ta tsaya, ta gaji ta wuce. Ya faɗi maganar gorar ruwa da yatsu biyu, ita kuma ta gaya masa abin da Kyaftin ya faɗa har ya jawo wa kansa marin, wanda shi bai ji da kyau ba. Suka yarda cewa ya cancanta.

"Ashe kai ne ka yi dariyar nan," ta ce. "Na ce na san muryar, amma na kasa tuna inda na san ta."

Wannan ta shige shi sosai. Sai ya koma kan labarin fanka.

Da ƙafa suka ƙarasa gida. Har suka shiga falo yana magana, muryarsa ta fara dushewa don ba ta saba da doguwar tafiya ba. Malama ta zauna ta cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Ya isa haka. Motata ƙarfe bakwai ce."

"Ban gama ba."

"Wasan awa biyu ne, ka yi awa ɗaya da rabi kana ba da shi. Me ya rage?"

"Akwai labarin shago," ya ce. "Na shekara talatin. Akwai wanda ya kawo firji da kyanwa a bayansa, bai sani ba."

Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da take yi wa yaron da ya san amsa tun farkon zango amma sai ranar hutu ya ɗaga hannu.

"To ka riƙe. Kada ka ba kowa sai na dawo."

Ya tsaya a tsakiyar falon, hannunsa a aljihu. Ba wanda zai taimake shi, sai shi.

"Yaushe za ki dawo?"

"Sati uku nake jiran ka tambaya," in ji Malama. "Da ba ka tambaya ba, ni ma ban san ranar ba." Ta ɗauki takalmanta ta miƙe. "Ranar sha tara. Ka zo tasha da wuri, ba na son tsayuwa."